Babi na Huɗu: Wa Ke Biyan Ɗan Sandan Unguwarmu?

Duk ranar da aka fasa shago a Jekadafari, ko aka tare wani a lungun Bolari aka ƙwace masa waya, tambaya ɗaya ce ke zagaya majalisun bakin titi: ina ciyaman yake? Me ya hana shi ƙaro 'yan sanda? Wani ya ce ai kansila ne bai kai kuka ba. Wani ya ce a'a, gwamna ne ya kamata ya ƙara musu albashi, ko sa rage karɓar na goro a hanya. Ba a ga laifin masu tambayar ba. Mutum yana ganin ƙaramar hukuma tana karɓar kuɗin rumfa a kasuwa, yana ganin motar sintiri da sunan gwamnatin jiha rubuce a jikinta, to me zai hana shi ɗauka cewa waɗanda ya zaɓa su ne iyayen gidan ɗan sanda?

Gaskiyar magana, daga kansila har gwamna babu wanda ya ɗauki ko kurtu ɗaya aiki a Gombe, babu kuma wanda zai iya korarsa. Amma dukkansu suna kashe kuɗi a kansa, kuma ba kaɗan ba.

Inda majalisar gari ke da wuƙa da nama

Akwai ƙasashen da tunanin mutanen majalisar bakin titi yake daidai. A Amurka hukumomin 'yan sanda sun kai kusan 18,000, yawancinsu na birane ne da gundumomi. Birni shi ke ɗaukar 'yan sandansa, shi ke biyansu daga harajinsa. Su kuma suna da ƙungiyar ƙwadago, wadda ke zama da hukumar birni duk bayan 'yan shekaru a yi ciniki kan albashi, da kuɗin aikin dare, da hutu, da yadda za a hukunta wanda ya yi laifi. Idan an daidaita, sai a kawo takardar gaban kansiloli a zaman da kowa ke iya shiga, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a.

A birnin Minneapolis, inda ɗan sanda ya kashe George Floyd a watan Mayun 2020, kansiloli sun amince da irin wannan yarjejeniya a Yulin 2024. Ta ƙunshi ƙarin albashi na kusan kashi 22 cikin ɗari a cikin shekara uku. Takwas suka amince, huɗu suka ƙi, kuma kowane mazaunin birnin na iya sanin ɓangaren da kansilansa ya tsaya. Ƙananan garuruwan da ba su da ƙarfin riƙe rundunarsu kuwa haya suke yi. Garin Lakewood na jihar Kalifoniya ya buɗe wannan hanya a 1954, lokacin da ya ƙulla kwangila da gundumar Los Angeles ta riƙa ba shi 'yan sanda yana biya.

Tsarin yana da nasa ciwon. Ƙungiyoyin 'yan sandan can sun sha cusa sharuɗɗan da ke sa korar azzalumin jami'i ta yi wuya. Abin lura dai shi ne komai a rubuce yake, kuma a gaban jama'a ake sa hannu.

Zamanin 'yan doka

Dattawan Gombe ba sa buƙatar labarin Amurka, domin sun taɓa ganin makamancin haka da idonsu. Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke kama mai laifi da sunan sarki. Turawa ba su rushe wannan ba, gyara shi suka yi. Daga shekarun 1920 aka fara fitar da 'yan doka a masarautun Arewa, aka ba su kaki da horo, aka sa albashinsu cikin kasafin En'e. Lokacin garin Gombe na yanzu yana sabo, domin a 1919 ne hedikwatar masarautar ta dawo Doma, wato garin na yanzu, daga Nafada.

Kuɗin ɗan doka daga baitulmalin En'e yake fitowa, wato daga haraji da jangalin da talakawan ƙasar suka biya. Majalisar Sarki ke duba yawan 'yan dokan da za a ɗauka da abin da za a biya su, Di'o da Razdan na Bauchi su sa ido. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, muƙamin da ba a raina ba: marigayi Ado Bayero ya riƙe shi a Kano kafin ya zama jakada, sannan sarki a 1963. Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san gidan kowa, ya san yaren kowa, ya san ɓarawon da ya saba haura katanga a kowace unguwa.

Wannan sanin ne kuma ya zama abin tsoro. Da siyasar jam'iyyu ta kankama a shekarun 1950, 'yan jam'iyyar NEPU a faɗin Arewa suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai: a hana su taro, a kama su kan zargin zagin sarki, a ɗaure. A Yammacin Najeriya ma 'yan hamayya irin kukan da suke yi ke nan da 'yan sandan ƙananan hukumomi. Saboda haka bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti, ya ba da shawarar a narkar da su duka cikin rundunar tarayya. Zuwa farkon shekarun 1970 an gama. Tsarin mulkin 1979 ya rufe ƙofar, na 1999 ya ƙara mata sakata.

Duk mai kiran a dawo da 'yan sandan gida yau, ya kamata ya riƙe wannan tarihi gaba ɗayansa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Albashi daga Abuja

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, kuma ba za a kafa wata ba, ko ta tarayya ko ta wani yanki. Shugaban ƙasa ke naɗa Sufeto Janar. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ke da alhakin ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa. Albashi kuma daga kasafin tarayya yake fitowa, ya faɗa asusun kowane jami'i kai tsaye, ko yana Pantami ko yana Fatakwal.

Gwamna fa, wanda ake yi wa kirari da babban jami'in tsaron jiha? Sashe na 215 ya ba shi damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni kan zaman lafiya, amma ya bar wa kwamishinan ƙofa: yana iya cewa a bari ya ji daga shugaban ƙasa ko minista tukuna. Ciyaman kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Jerin ayyukan ƙaramar hukuma da tsarin mulki ya lissafa ya haɗa da kasuwa, tasha, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, raɗa wa tituna suna, da sa hannu a firamare da kiwon lafiya. Babu ɗan sanda a ciki.

Shi ɗan sandan ma ba shi da bakin ciniki. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana shi shiga ƙungiya, kamar yadda ta hana soja. Da ƙananan jami'ai suka gaji da jiran haƙƙoƙinsu suka yi yajin aiki a Fabrairun 2002, gwamnatin Obasanjo ta ɗauke shi a matsayin tawaye, ta fito da sojoji su tsare muhimman wurare, kuma wata guda bayan haka Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. Ƙarin albashi na kashi 20 cikin ɗari da aka amince da shi a Disambar 2021 bai biyo ta teburin ciniki ba, zanga-zangar EndSARS ta 2020 ce ta jawo shi. Tsofaffin jami'ai kuma sun sha yin zaman dirshan a Abuja kan fanshon da suka ce bai kai ya kawo ba.

Ke nan kurtun da ke tsaye a shataletale cikin ranar Gombe ba ya da wanda zai kai wa kukansa a garin, mutanen garin ma ba su da wanda za su kai ƙararsa gare shi a cikin waɗanda suka zaɓa.

Mota daga gwamna, mai daga ciyaman

Albashi kaɗai ba ya kama ɓarawo. Ana buƙatar mota, da mai, da taya, da na'urar oba-oba, da wutar ofis, da takardar rubuta ƙara, da abincin wanda aka tsare. A nan ne kasafin tarayya ke gajartawa, a nan ne kuma kuɗin Gombe ke shigowa.

Kowa ya san bikin. A jera sababbin motoci a gidan gwamnati, an yi musu fenti, an ɗaura musu kintinkiri. Gwamna ya miƙa makulli, kwamishina ya sara masa, a ɗauki hoto. Kusan babu jihar da ba a yin haka, kuma Gombe tana da dalilinta na musamman. A Fabrairun 2012 'yan bindiga sun kai wa ofishin 'yan sanda da gidan yari hari a tsakiyar gari. A Disambar 2014 bam ya tashi a Tashar Dukku. A Yulin 2015, ana jajibirin ƙaramar salla, tagwayen bama-bamai suka hallaka mutane kusan hamsin a babbar kasuwa. Gwamnan da ya ce zai zauna jiran Abuja ta aiko mota a irin waɗannan shekaru, da ba a yafe masa ba.

Abin da ba a ɗaukar hotonsa shi ne abin da ke biyo baya. Mota tana shan mai kullum, tana son bakanike, kuma ba kasafai ake jin wanda ya ɗauki wannan nauyi a rubuce ba. Sai ka ga mutumin da aka yi wa sata ya je caji ofis da sassafe, an saurare shi, an rubuta, sannan a sassauta murya a ce masa ga mota nan amma babu mai. Ya laluba aljihu. Idan ba shi da shi, ya koma gida ya bar wa Allah. A bayan ofishin kuma ga wata motar a kan duwatsu, an cire tayoyinta an sa wa 'yar'uwarta, sunan wanda ya ba da ita bai ko goge ba.

Ciyaman shi ke toshe wani ɓangare na wannan rami. A ƙananan hukumomin ƙasar nan an saba da zaman kwamitin tsaro, inda ciyaman ke haɗuwa da DPO, da jami'in farin kaya, da na Sibil Difens, da hakimai. Daga nan ake fitar da abin da ake kira gudummawa ko tallafi: kuɗin mai, gyaran mota, alawus na sintirin salla da Kirsimeti, wani lokaci har ginin ofis. Da yake sunansa gudummawa, ba ya zuwa da sharaɗi. Ba a rubuta cewa an ba da kaza domin a yi sintiri sau kaza a Herwagana da Kumbiya-Kumbiya ba. Idan ba a yi ba, babu takardar da za a ɗauko.

Illa ta biyu ta fi wannan. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. DPO da tankin motarsa ke hannun mutum ɗaya, da wuya ya ƙi amsa kiransa ranar da rikicin siyasa ya tashi. An karɓe 'yan doka daga hannun En'e don kada masu mulkin gida su juya su, sai ga shi juyawar ta dawo ta ƙofar baya, wannan karon ba tare da kasafin da Di'o zai duba ba.

Akwai ma kuɗin da ƙaramar hukuma ke bayarwa ba tare da an tambaye ta ba. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta ce a cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya tun kafin a raba. Jihar Ribas ta kai ƙara, kuma a 2022 Babbar Kotun Tarayya ta ce cirewar ta saɓa wa tsarin mulki.

Kaki iri-iri

Tunda doka ta hana jiha kafa 'yan sanda, sai jihohi suka koma kafa abin da ya yi kama da su. Kano na da Hisba, jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024.

Na Gombe daga matsalar matasan Kalare suka tsiro. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2007 ya ware wa jihar sashe guda, ya bayyana yadda 'yan siyasa suka riƙa amfani da waɗannan matasa a lokutan zaɓe, da yadda suka juya kan jama'a da adduna bayan an gama da su. Gwamna Ibrahim Hassan Dankwambo, wanda ya hau a 2011, ya tattara wasunsu aka ba su horo da kaki, aka raba su aikin hanya da tsaftar gari da tsaron unguwa. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kafa GOSTEC, masu aikin tsaro da zirga-zirga da muhalli, ga kuma sintirin haɗin gwiwa na Operation Hattara.

Waɗannan su ne mafi kusa da ma'aikatan tsaron da Gombe ta ɗauka da kanta, domin kuɗinsu daga kasafin jiha yake fitowa, wanda Majalisar Dokoki mai kujeru 24 ke amincewa da shi. Amma duk wanda suka kama, ofishin 'yan sanda za su kai shi. Kuma tsarin da gwamna ya kafa yakan yi rauni idan ya sauka. Matashin da aka raba da adda aka ba shi kaki, ranar da alawus ya tsaya, bai manta hanyar da ya fito ba.

Misali mafi muni na aikin da ba a rubuta sharaɗinsa ba daga tarayya ya fito. A 2020 gwamnatin Buhari ta ware naira biliyan 13.3 don shirin 'yan sandan al'umma. Aka ɗebi matasa daga ƙananan hukumomi, aka horar da su, aka ba su kaki. Wa zai biya su? A 2022 wasunsu suka fito zanga-zanga a Ilori da Osogbo suna neman haƙƙin watanni, hedikwatar 'yan sanda ta amsa musu cewa aikin na sa kai ne.

Kwangilar da ta fi kowace tsafta

Abin mamaki, yarjejeniyar tsaro mafi tsari a gari ita ce wadda babu gwamnati a cikinta. Unguwa ta gaji da sata, sai mai unguwa da limami da 'yan dattawa su zauna bayan sallar isha'i. A yanka wa kowane gida abin da zai bayar a wata, na mai shago ya ɗara na mai haya. A ɗauki 'yan banga ko maharba, a saya musu tocila da usur da gora. Ƙarshen wata wani saurayi ya bi gida-gida da littafin makaranta mai layi, yana yi wa sunan wanda ya biya alama. Idan aka yi sata a layin da aka ce a tsare, washegari za a kira shugaban 'yan bangan ya yi bayani a gaban waɗanda suka biya shi. Idan abin ya yawaita, a sallame su a nemo wasu.

A nan an san mai biya, an san farashi, an san aikin, an san hukuncin sakaci. Rauninta shi ne unguwar masu hali ta fi samun tsaro, ɓarawo kuma ya koma ta marasa hali. Ga kuma haɗarin ɗaukar doka a hannu, domin wanda aka kama da tsakar dare ba kullum yake isa caji ofis da ƙafarsa ba.

Abin da ke hannun kansila

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774, wato kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa, ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma ko an aiwatar da shi gaba ɗaya bai ba ciyaman ɗan sanda ko ɗaya ba. Maganar 'yan sandan jiha, wadda Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba a Fabrairun 2024, ita ma sai an gyara tsarin mulki.

Gombe na da wata matsalar ta daban. Garin ya fi ƙarfin ƙaramar hukumarsa mai mazaɓu 11. Tumfure, alal misali, a Akko take, ko da yake mazaunanta a cikin gari suke wuni. Ɓarawon waya ba ya duba iyakar ƙaramar hukuma, amma kuɗin man sintiri yana dubawa.

Duk da haka akwai abin da ba ya jiran Abuja. Kansiloli su ne majalisar dokokin ƙaramar hukuma, su ke amincewa da kasafinta. Babu dokar da ta hana su cewa duk abin da za a ba 'yan sanda ko 'yan banga ya fito a layinsa cikin kasafi, a rubuta abin da aka bayar da abin da ake sa ran samu, a karanta a zaman majalisa, a manna kofi a allon sakatariya. A zaɓen Afrilun 2024 jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyaman 11 da na kansila 114 duka, don haka ba a sa ran ɗan hamayya ya tayar da maganar daga ciki. Sai dai mutanen mazaɓa su tayar da ita, kuma tambayar da ta dace da kansila ita ce nawa aka ba caji ofis a watan jiya, wa ya sa hannu, me aka yi da shi.

Mai wannan tambaya ba zai yi nisa ba zai ci karo da amsar da ta saba kashe baki: ai kuɗin tsaro ne, ba a bayyana shi. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa abin da ake kashewa da wannan suna a Najeriya ya kai dala miliyan 670 a shekara, mafi yawansa ba tare da rasit ba. Inda wannan al'ada ta samo asali, da dalilin da ya sa mai binciken kuɗi ba ya leƙa ta, shi ne abin da babi na biyar zai bi diddigi.